Tukunyar da Na Binne a Damba

Kai mai jar hula, sake faɗa in ji da kyau. Wai taba ai ganye ce, a tsinko, a shanya, a sayar? To madalla. Tunda fasinja bai zo ba, ku kashe baburan nan ku matso inuwa. Kai kuma juya salansarka ta kalli titi, hayaƙin fetur yana shigar mini kaya. Kun ga tun ban fara ba kun samu karatun farko. Taba kwaɗayayya ce, duk warin da ya gifta kusa da ita sai ta kama ta riƙe, ta kai wa mai lofe har maƙogwaro.

Ban ce ku sha ba. Likitoci sun ce tana cin ƙirji, kuma na ga masu tarin da ya gaskata su. Ni kaina, Isiya mai taba, da na tsufa a cikinta a nan Bungudu, ban taɓa sa lofe a bakina ba, da hanci da tafin hannu na yi aikina. Raini ne dai ba na so. Mutumin da bai taɓa tayar da tulin ganye ba, ya zauna bisa babur yana kaɗa ƙafa yana ce mini sana'ata shanya ce!

Wurin kawuna Maidabo na koya, ƙanen mahaifiyata, mai gonar taba a fadama bakin gulbi. Na zata ranar farko wuƙa zai miƙo mini. Ina! Ɗaki ya kai ni, inda ya tula ganye ya lulluɓe da buhunan algarara, ya ce in zura hannu har gwiwa. Na zura.

Ya ce, “Mi kaj ji?”

Na ce, “Ɗumi, Kawu.”

Ya ce, “Ɗumin mi?”

Na sake zura hannu ina lalube. Ya girgiza kai ya ce ashe akwai aiki gabanmu. Sannan ya koya mini: in ɗumin ya yi kamar na cikin akuya, a ƙyale ta, gumi take yi, a nan ɗacinta ke fita. In ya kai na tuwon da aka kwashe yanzu, a rushe tulin nan take, na ƙasa ya hau sama, na tsakiya ya fito gefe. In aka yi nawa, gobe taki za a kwasa. Kakar farko ba abin da na yi sai zura hannu da rushe tuli, har fatar hannuna ta rine.

Kafin ma a kai ga tuli akwai gona. Sai an karye kan tabar in ta yi fure, don ƙarfin ya koma ganye. Furen mata ke saye su goga a haƙora da goro, shi ne ɗan abin da ni ɗan koyo nake samu in sayi ƙosai. Ganye kuma ba a tashi ɗaya ake tsinke shi ba, daga ƙasa ake farawa, wanda ya soma ɗigon rawaya. A jera a igiyar rama, a rataye ƙarƙashin rumfa, a inuwa. Ka ji ko, mai jar hula? A inuwa. Wadda rana ta gasa, da ka taɓa ta sai ta ruguje, ba ta da amfani sai a daka da kanwa a yi tabar gari. Tabar lofe daban take, tana son a bi ta a hankali.

Tufka da sassafe ake yi, lokacin da raɓa ta sa ganyen ya yi laushi. A zare jijiyar tsakiya, a haɗa ganye bisa ganye, a murza a cinya har ya zama igiya, a ƙulle bakinta. Kawu yana da doka: mai tufka ba ya shafa turare, ba ya taɓa kifi, ba ya wanka da sabulu mai ƙamshi. A shekarun nan ne nake neman Kulu, matata. Samari na zuwa zance suna tashin turare, ni kuwa in iso ina tashin ɗakin Kawu. Ƙawayenta suka sa mini suna Lofe. Ta aure ni dai, amma ba ta yafe wa tabar ba har gobe. In aka tambaye ta sana'ar mijinta, noma take cewa, ta kau da kai.

Babban aikin shi ne ajiya, kuma nan ne ake gane gwani. Sabuwar taba cizo take yi, tana kartar harshe. Sai ta kwana a tukunya ta ga damina sannan take hankali. Tsohuwar tukunyar ruwa ake nema, wadda ba ta taɓa sanin mai ko miya ba. A busar da ita sarai, a shimfiɗa ganyen kalgo a ciki, a naɗe igiyoyin tabar ana dannawa da dutse har ta cika fam. A kife kasko a bakin, a liƙe da yumɓu, a naɗe da fatar akuya, a ɗaure tamau. Ni ina ƙara zanena bisa yumɓun tun yana ɗanye, ƙafar kaza da ɗigo-ɗigo, don in san daga wace gona ta fito. Sannan a haƙa rami wuri mai sanyi wanda ruwa ba ya kwanciya, a zuba toka saboda gara, a binne. Wadda ta ga damina ɗaya ta daina cizo. Wadda ta ga uku kuwa takan fito baƙa ƙirin, da laushi, tana ƙamshi kamar dabino. Irin wannan ba a tallarta, masu ita sun san kansu.

Masu sayena tsofaffi ne: mahauta, tsofaffin sojoji, Fulanin da ke shigowa ranar kasuwa. Amma ƙashin bayan cinikina majalisar Tsafe ce, wasu dattawa da ke zama gindin bishiya a bakin titi, shugabansu Bawa Direba. Bawa ya ja babbar mota a hanyar Funtuwa har idonsa ya gaza. Bai taɓa sayen taba bai zage ta ba. Sai ya sunsuna ya yamutsa fuska, ya ce, “Isiya, wanga ganyen kabewa ne ko na rama?” Ya cika lofe ya ja, ya lumshe ido, ya ce ba ta da kyau ko kaɗan, a ba shi duka. Abin da Bawa ya saya shi majalisa ke saye. Wanda Bawa ya juya wa baya kuwa, ya nemi wata sana'ar.

Sai ga muguwar shekara. Kawu ya riga ya rasu, ni ke riƙe da aikin. Ruwa aka yi ta yi kamar an manta yadda ake ɗauke shi. Gulbi ya haye fadama, ƙasar gidana ta jiƙe har ƙafa na nutsewa a tsakar gida. Ganyen da ke rataye ya yi hunhuna fari fat. Na tono tukwanena ɗaya bayan ɗaya, kowace na buɗe sai wari ya mare ni, ruwa ya shiga. Ɗakin ajiyar ma ya zauna. Tukunya ɗaya tak ta tsira, wadda na liƙe a ƙarshe ban kai ga binnewa ba, kuma ita ce ta ganyen da ya fi kowane kyau da na taɓa tufkawa.

Na je Tsafe hannu rabbana na gaya wa Bawa. Bai zage ni ba ranar, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce akwai wani mutumin Mada da ke ta kawo musu taba yana roƙon su ɗanɗana. Na ce su saya wurinsa su rage zafi, amma su ba ni damina uku, ina da tukunyar da in suka sha ba za su ƙara kallon ta kowa ba.

Bawa ya ce, “Mun ji. In tukunyar ta fito yadda ka ce, mu naka ne har mu mutu. In ba ta fito ba, kada ka ƙara ɓata kuɗin motarka zuwa Tsahe.”

Saura inda zan binne ta, don duk Bungudu ba busasshiyar ƙasa. Na rungume ta a mota zuwa Gusau, da niyyar in bar ta shagon wani abokina a kasuwa. Ina shiga na ga durom ɗin kalanzir a dama, jarkokin manja a hagu, na juyo ko zama ban yi ba. Sai na tuna mijin babbar ɗiyata, ma'aikacin gwamnati, yana gini a Damba, a kan tudu, ƙasa mai yashi. An zagaye filin, an ɗaga ɗakuna, damina ta tsayar da magina. Na je na tarar ba kowa. Na ari fartanya a maƙwabta, na haƙa ramina a lungun baya jikin katanga, na zuba toka, na binne, na daddale. Wallahi ko Kawu ne iyakar wurin da zai zaɓa ke nan.

Ku 'yan yanzu za ku ce, to Baba me ya hana ka kira surukin a waya ka gaya masa? Ku da kuke cin tuwo kwano ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo! Mu ba haka muka tashi ba. Yarinyar nan ɗiyar fari ce. Tun da aka haife ta ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa zama na yi hira da ita ba. In ta shigo ɗaki ni waje nake nema. Mijinta kuwa in ya hango ni cire takalmi yake ya durƙusa, ni in dubi gabas shi ya dubi ƙasa, mu gaisa a gaggauce kowa ya tsere. Ta ina zan fara ce masa na binne taba a gidansa?

Sai na bi hanyar da ake bi. Na gaya wa Kulu, ita ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa yarinyar, yarinyar ta gaya wa mijinta. Kulu ta ce to. Bayan kwana biyu na tambaya, ta ce, “An gama.” Na saki jiki.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Aka gama gini suka tare. Ni kuma ina ta lallaɓa sana'a da sabuwar taba mai cizo, wadda sai baƙon da bai san ni ba ke saye. Duk ranar kasuwar Tsafe in na gitta, Bawa zai ɗaga lofensa ya ce, “Mai tukunya! Tana nan ko ta haihu?” In ce tana nan tana girma. Tsofaffin majalisa biyu suka rasu suna jira, abin ya dame ni ƙwarai.

Da damina ta uku ta ɗauke, na ce wa Kulu ta aika Damba a ce ina so in zo in ɗauki ajiyata. Ta ce to, amma na ga ta shiga sosa kunne. Ba a yi mako ba sai ga saƙo daga Damba, wai ana nemana da gaggawa, in zo da safe. Na ce ka ji 'yan albarka, har sun tono mini. Na sa aka kira mini Bawa a waya na ce ya hau mota mu haɗu a Gusau, ya zo da lofensa. Ina sa babbar riga Kulu ta biyo ni zaure tana murza hannu.

Ta ce, “Malam, saƙon nan fa...”

Na ce, “Wane?”

Ta ce, “Duka biyun. Ni da wane baki zan aika gidan suruki a ce uban matarsa ya binne taba? Ai sai na nutse.”

Na ce, “Kulu! Ba ke kika ce an gama ba?”

Ta ce, “Ni tuwo nake nufi.”

Ƙarya take, ba tuwon da ake yi a lokacin. Amma mota na jira, na fita ina ta hasashen to me ya sa ake nemana.

Tun daga bakin layi na hango taro. Bawa na gefena da sandarsa da farar hula, sai washe baki yake, ya ce ashe har walima aka shirya wa tabar. Muka kutsa. A tsakar gida an shimfiɗa tabarmi, ga limamin unguwa, ga dattawa, ga surukina ya yi zuru-zuru. A tsakiya kuwa, an yi mata fili kamar mai cutar da ake gudu, ga tukunyata. Kaskon ya fashe, fatar akuyar ta yaye gefe guda. 

Wan surukina, wani dogo mai yawan magana, shi ya tare mu. Ya ce, “Baba, sannu da zuwa. Allah ya tona asirin maƙiya! Jiya leburori na haƙa ramin ruwan wanka a baya, sai diga ta daki wannan. Da suka ga fata da zane suka watsar da kayan aiki suka yi waje da gudu, suka bar matar gida ita kaɗai da abin har maigida ya dawo daga ofis. Allah dai ya tsare ta. Dubi, Baba, dubi ƙulle-ƙullen da aka yi!”

Ya sa sanda ya ɗago igiyar taba ɗaya, baƙa, mai sheƙi, da ƙullina a bakinta. Jama'a suka ja da baya suna a'uziyya. Ni kuwa ƙamshin ya iso hancina, na san ta yi. Ta yi fiye da yadda na roƙa. Na lura kuma tukunyar ba ta cika yadda na danna ta ba, na ce a raina leburorin nan ba duka suka tsorata ba.

Dogon ya ci gaba da lissafi. Tun da ƙanensa ya tare gidan nan ƙarin girma ya maƙale a ofis. Motarsa ba ta mako ba ta je gareji ba. Kajin da aka zuba sun mutu. Ga zanen ƙafar kaza a jikin yumɓu, me ya rage a tambaya?

Na buɗe baki zan ce jama'a ku kwantar da hankalinku. Wallahi har na ja numfashi. Sai wata tsohuwa daga dangin mijin ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce, “Irin wannan dai a garinmu dangin mace ke binne shi don a mallake miji. Amma mu ba mu zargi kowa ba.”

Na mayar da numfashina inda na ɗauko shi. Ku duba mini: in na ce tawa ce, wa zai tsaya jin zancen damina da hunhuna? Uban matar gida ya shigo kango ba kowa, ya binne tukunya da fatar akuya, bai gaya wa mai gida ba. Ko ni aka ba wa labarin ba zan yarda ba. Na dubi Bawa, Bawa ya dubi tukunya, ya dube ni, ya cusa lofensa can cikin aljihu.

Liman mutum ne mai natsuwa. Ya ce ba abin da ke cutarwa sai da izinin Allah, a yi addu'a a ƙona abin a huta. Ya ce kuma tunda ga babba a wurin, uban matar gida, shi ya kamata ya sa wutar da hannunsa. Girmamawa ce aka yi mini. Dogon ya ruga ya dawo da galan ɗin fetur.

Nan ne fa na kasa daurewa. Na daka masa tsawa na ce, “Kai! Ajiye wannan! Fetur a kan wannan?” Kowa ya juyo. Na gyara murya na ce, “Irin wannan ba a yi masa wutar gaggawa. Garwashi ake samu mai kyau, na itacen da ba ya wari, a riƙa sawa kaɗan-kaɗan har ya cinye.”

Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce manya sun san abin da yara ba su sani ba. Aka kawo garwashi a kasko. Aka ce to wa zai zauna kusa ya riƙa sawa? Kowa ya shiga duban ɗan'uwansa. Sai Bawa ya gyara riga ya matso.

Ya ce, “Ku bar ni da shi. Ni na ci zamanina. In abin zai kama wani, ya kama ni.”

Jama'a suka yi ta sa masa albarka, wai ga Musulmin ƙwarai, daga zuwa baƙunta ya sayar da ransa. Na yanka guntun farko da wuƙata, na ɗora bisa garwashi. Hayaƙi ya tashi shuɗi-shuɗi, siriri, ba ya ko yaji. Bawa ya duba inda iska ke kaɗawa ya ja tabarmarsa can, ya sunkuya, ya tura fuska ciki. Ya ja. Ya lumshe ido. Dogon ya ce, “Baba, ka ja baya mana!” Bawa ya ɗaga masa hannu ya ce, “Ƙyale ni, yaro. Tare shi nake kada ya shiga ɗakin mata.”

Ƙamshi ya cika gidan, ya haura katanga. Dattawan da suka zauna nesa suka fara matsowa da tabarminsu, wai ba sa jin addu'a daga can. Wani tsohon soja ya buɗe hanci ya ce, “Ni fa wannan abin, ƙamshinsa sai ka ce...” Bawa ya sako wani tari mai ƙarfi ya ce, “Haka suke yi, Malam. Da ƙamshi suke yaudarar mutane. Matso ka taya ni tarewa.” Sojan ya matso, shi ma ya tura fuska ciki.

Ni kuwa ina tsugune ina yanka aikin shekaru ina miƙa wa wuta. Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Ana cikin haka dogon ya ɗaga hannu sama ya ce, “Wanda ya binne wannan abu, Allah ya isa tsakaninmu da shi! Allah ya kunyata shi duniya da lahira!” Gida ya ɗauka da amin. Ni na yi shiru, sai na ga surukina ya ɗago ido yana dubana, karo na farko tun da ya auri ɗiyata. Na ce amin. A hankali na faɗa, amma na faɗa.

Liman ya ce a'a, ba a haka, a roƙa masa shiriya. Bawa daga cikin hayaƙi ya ce, “Allah ya shirye shi. Amma dai kowane ne, mutumin nan ya san aikinsa.”

Kafin azahar an cinye ta tas. Dogon ya farfasa tukunyar da taɓarya. Aka yi fatiha, aka yi ta yi mini godiya. Muna zaure muna sa takalma sai na ji motsi a bayan ƙofa. Babbar ɗiyar tawa ce. Ta durƙusa ta ba mu baya, ta turo wani kwano ɗaure da ƙyalle, ta yi wa bango magana ta ce, “A ba baƙi, na hanya ne.” Ta tashi ta shige. Ni ma bangon na ce wa an gode.

Ni da Bawa muka taka zuwa tasha. Muka zauna a benci, shi yana jiran motar Tsafe, ni ta Bungudu. Can ya nisa ya ce, “Isiya, yau ba zan zage ta ba. Tunda nake ban taɓa jin irinta ba. Amma mi zan kai wa mutanen Tsahe? In ce musu na sha a kasko su kuma su sha labari? Ba za su yarda ba, kuma ba zan ga laifinsu ba.”

Na ce na sani. Na riga na fara tunanin ko in koma sayar da goro.

Ya ce, “To buɗe mana kwanon ga mu ci, baƙin ciki bai hana yunwa.”

Na kwance ƙyallen. Kwano sabo fil, daga cikin na jerenta. Na ɗaga murfi. Ganyen kalgo ne a sama. Na ɗaga ganyen, sai ga igiyoyin tabata kwance, baƙaƙe, an naɗe su da kyau an danna har baki, kuma daga na ƙasan tukunya aka zaɓo, inda ta fi nuna. Ashe ba leburori ba ne. Yarinyar da ta yi rarrafe a ƙofar ɗakin tabata, ita za a gaya wa ƙamshin aikin ubanta? Tana leƙa ramin ta gane. Ta san in ta yi magana ta kunyata ni gaban dangin miji, in ta yi shiru kuma a ƙone duka. Sai ta kwashe abin da za ta iya kafin maza su taru, ta kwana da shi a ɗakinta, ta bar musu saura su yi addu'a a kai.

Wanda ya kai wannan magana Damba a cikinku, ni da shi. Surukina ya samu ƙarin girmansa bayan 'yan watanni, har yau yana cewa albarkar hannuna ce.

Bawa ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ɗauki ɗaya ya sunsuna, ya mayar, ya rufe da sauri kada warin tasha ya shiga. Ya ce wannan ta ishi majalisa su san ban yi ƙarya ba, in ci gaba da zuwa Tsafe, mutumin Mada ya nemi wasu. Sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya buɗe tafin hannu.

Ya ce, “Isiya, mi as sunan ɗiyar nan taka? In sa mata albarka da sunanta.”

Na buɗe baki. Sunan ya zo har bisa harshena, ni na raɗa mata shi da kaina. Na dubi masu lodi, na dubi ƙasa.

Na ce, “Kai dai sa albarkarka, Bawa. Allah ya san ta.”